Sayar da gida, gyaransa da tashi daga cikinsa: darasin wannan mako

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, iyayena da yayyena da ƙannena na cikin birnin Sakkwato da kewaye, barkanmu da sake haɗuwa. Yau batunmu shi ne gida: yadda ake shirya shi idan za a sayar, lokacin da ya dace a yi masa kwalliya, da kuma ranar kwashe kaya. Yawancin waɗanda ke zuwa wurina da niyyar sayar da gida suna fara tambayata kalar fentin da za su shafa, ni kuwa abin da nake fara tambayarsu shi ne takarda, saboda haka da ita za mu fara.

Tun daga dokar amfani da filaye ta 1978, ƙasar da ke cikin kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma abin da ku da ni muke riƙe da shi haƙƙin zama ne, wanda takardar shaidar mallaka ke nunawa, yawanci na shekara 99 idan filin na gidan zama ne. Abin da mutane ke mantawa shi ne, wanda ke da wannan takarda ba ya iya mayar da haƙƙinsa ga wani a idon doka sai da amincewar gwamna, kuma ta ma'aikatar filaye ake nemanta. Ke nan idan kun karɓi kuɗi, kuka miƙa takarda hannu da hannu a zaure, kuka yi fatiha kuka watse, cinikin ya ƙullu a tsakaninku, amma sunanku ne har yanzu a rajistar gwamnati. Tsofaffin gidajen cikin gari, irin na wajen Kanwuri da Ƙofar Marke, da yawansu ba su da irin wannan takarda, sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Wannan ba aibi ba ne, amma ku faɗa wa mai saye tun farko, kuma ku nemo dukkan takardun cinikin da suka gabata, daga wanda ya sayar muku zuwa wanda ya sayar masa, gwargwadon yadda za ku iya samu.

A nan zan ɗan daɗe, domin wurin da na taɓa ƙonewa ke nan. Ina nufin gidan gado. Shekarun baya na shiga tsakanin cinikin wani gida, babban wa ya zo da takardu cikakku, ƙannensa maza biyu suka sa hannu, aka biya, mai saye har ya rushe zaure ya fara gini. Bayan wata huɗu sai ga ƙanwarsu da ke aure a wani gari, wadda ba a ko sanar da ita ba, ta zo tana neman haƙƙinta, kuma gaskiya ce da ita. Abin da ya kamata in tambaya tun ranar farko shi ne: an raba gadon nan ko ba a raba ba, kuma magada nawa ne, maza da mata, har da matan mamacin da mahaifiyarsa idan tana raye? Idan ba a raba ba, babu wani magaji guda da ke da ikon sayar da gidan dukkansa, komai girmansa a gidan. Kuma ko kasonsa kaɗai ya sayar wa bare, sauran abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shuf'a, wato su biya kuɗin da aka saya su karɓe kason. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a abin da ba a raba ba, maƙwabci ba ya da shi. Na ce maƙwabci ba ya da shi, amma bari in gyara zancena kada a yi mini mummunar fahimta: ba ya da shi a shari'ance, sai dai mutunci ya sa a fara yi masa tayi kafin ya ga baƙin fuska suna auna katanga. Saboda haka kowane magaji ya sa hannu da kansa, wanda ba ya gari ya aiko da wakilci a rubuce, kuma idan akwai marayu ƙanana a bi ta kotun shari'a, kada a ce kawunsu ya yarda ya wadatar.

To, sai dillali. Ku yi maganar la'ada kafin ya kawo kowa, ku san nawa ce, kuma wa zai biya, mai saye ko mai sayarwa ko kowa da nasa. Ku riƙe dillali ɗaya, ko biyu idan ya zama dole. Gidan da dillalai goma ke yawo da shi, kowa yana ɗora nasa a kan farashi, mai saye zai ji kuɗi uku mabambanta a yini ɗaya, sai ya ɗauka gidan yana da wata matsala. Mu a ofishinmu muna rubuta wannan yarjejeniya kyauta ga wanda ya ba mu gidansa, muna kuma raka shi ma'aikatar filaye, amma ba talla na zo yi ba, duk wanda kuka amince da shi ya isa.

Yanzu kwalliya. Ba zan koya muku riƙe burushi ba, kowa ya san a kankare tsohon fenti a share bango kafin a shafa sabo. Abin da nake so ku lura da shi shi ne lokaci, domin yanayin Sakkwato ba ya yafe wa mai gaggawa. Idan kuka shafa fentin waje a tsakiyar hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, ƙura za ta manne masa tun yana ɗanye, farin bango ya koma ruwan ƙasa kafin mako. Idan kuka shafa a bazara, a Afrilu ko Mayu da zafi ke wuce digiri 40, fentin yana bushewa a sama kafin ya kama bango, bayan 'yan watanni sai ya fara ɓarewa. A damina kuwa bangon ya sha ruwa. Lokacin da na fi so shi ne kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba, ruwa ya ɗauke, bango ya bushe, hazo bai sauko ba. Matsalar ita ce mu da Sallah muke auna gyaran gida, ita kuwa Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma a shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa farkon zafi, Babbar Sallah kuma gab da damina. Shawarata ita ce a yi aikin waje a kaka, a bar na ciki ga Sallah: fentin falo, wanke labule, fitar da darduma a kakkaɓe, sabon leda a ɗakin yara. Idan dole ne a shafa waje da zafi, mai fenti ya fara da sassafe ya tsaya kafin hantsi ya ɗaga, ya kuma bi gefen da ke cikin inuwa.

Iyayena mata, ku yi mini afuwa a kan kala. Na san ana son ruwan hoda da shuɗi mai haske, kuma a ɗakinku wannan ikonku ne. Amma gidan da za a sayar, madara ko ruwan toka mai haske ya fi, domin yana sa ɗaki ya yi faɗi, yana kuma jure ƙurarmu fiye da fari fat. Ranar da za a zo duba gida a rage jere, a buɗe tagogi, a ɗaure tumaki nesa da ƙofa, kuma kada a cika turaren wuta, domin mai saye mai wayo zai yi zaton ana ɓoye warin masai ne.

Wannan ya kawo ni kan ɓoye aibi. Idan gindin bango yana fitar da gishiri, yaɓe yana zubowa kamar gari, wannan danshi ne ke hawowa daga ƙasa, kuma fenti ba ya maganinsa. Sai an fasa yaɓen har kamar tsayin gwiwa, a bar shi ya sha iska, a sake yaɓawa, a kuma gyara magudanar da ke tara ruwa a gindin katanga. Idan ba ku da kuɗin wannan aiki, ku nuna wa mai saye ku rage masa farashi. Haka ma kwanon da ke yoyo, da unguwar da ruwa ke kwanciya a Agusta, musamman wuraren da ke gangare wajen fadamar Rima, waɗanda mutanensu ba su manta ambaliyar 2010 ba. Sayar da irin wannan gida da rani ba tare da faɗa ba ha'inci ne, kuma a shari'a mai saye yana da damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa.

Kafin ranar tashi, a zauna a rubuta abin da zai bi gida da abin da zai bi ku. Na ga zumunci ya lalace a kan tankin ruwa. Famfon rijiyar burtsatse, faifan sola da baturansa, fankokin sama, na'urar sanyaya ɗaki, har ƙofar ƙarfen da kuka sa daga baya, kowanne a ambace shi da sunansa a takardar ciniki. Mitar wuta tana bin gida, ba a cire ta a tafi da ita, kuma idan akwai bashin wuta ko na ruwa a biya, a ajiye rasit, a ba sabon mai gida kwafi. Haka kuma a rubuta ranar da za ku miƙa makulli. Kada ku yi alkawarin mako biyu alhali sabon gidanku ko silin ba a yi masa ba, ku nemi wata guda ko biyu a fili tun ana ciniki.

Ranar kwashe kaya, a kira a-kori-kura tun bayan sallar asuba, a gama lodi kafin rana ta yi ƙarfi, kuma a yi ciniki da direba a kan sawu nawa zai yi, ba a kan yini ba. Takardun gida, gwala-gwalan mata da magunguna su tafi a hannunku. Tangaran da kwanukan jere a naɗe su da tsofaffin zannuwa, a rubuta a jikin kowane kwali ɗakin da zai shiga. Tukunyar gas a rufe ta, a cire mata tiyo, a ɗora ta a tsaye. Firij ma a tsaye ake ɗaukarsa, kuma idan an sauke shi a bar shi awa biyu kafin a kunna. A'a, na yi kuskure, awa biyu ta yi kaɗan a hanyoyin unguwanninmu masu gargada, ku ba shi awa huɗu, idan kuwa dole ta sa aka kwantar da shi a mota, a bar shi ya kwana a tsaye domin man injin ya koma mazauninsa.

Tun ana saura kwana biyu ko uku, maigida ya bi maƙwabta da limamin masallacin unguwa ya yi musu sallama a yafi juna, uwargida ma ta shiga gidaje, a biya mai shago da mai ruwa abin da suke bi. A sabuwar unguwa, ko Mabera ce ko Arkilla ko Bado, a fara gaida mai unguwa, a sanar da shi ko ku su wane ne. Da yawanmu kan karanta Suratul Baƙara a sabon gida kafin a kwana a ciki, a kuma ɗan raba abinci ga maƙwabta, kuma a wurin rabon nan ne za ku ji ranar da ruwan famfo ke zuwa da layin da ke toshewa idan an yi ruwan sama.

Mai kula da na'ura yana yi mini alama cewa lokaci ya cika. Akwai tambayoyi biyu da aka aiko a kan gidan da ke da 'yan haya a ciki ake son sayarwa, da wa'adin da ya kamata a ba su, da su za mu buɗe shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.