Amsoshin Tambayoyinku: Ciwon Suga da Tsufan Jijiyoyin Jini

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙar farko daga wani bawan Allah take a Damagaram. Ya ce shekararsa 46, yana da ciwon suga, kuma likita ya gaya masa jijiyoyin jininsa sun girme shi. Yana tambaya: ashe jijiya ma tsufa take yi? Kuma ana iya hana ta?

Malam, tana yi kuwa. Cikin kowace jijiyar jini akwai siririyar shimfiɗa ta ƙwayoyin halitta, kamar daɓen ɗaki, likitoci na kiranta endotiliyam. Ita ke fitar da sinadarin naitirik okusaid, mai sa jijiya ta saki jini ya wuce lafiya. A kan gano wannan aiki aka ba wasu masana uku na Amurka kyautar Nobel a 1998. To, waɗannan ƙwayoyi ba su iya hana suga shiga cikinsu yadda ya kamata. In ya daɗe a sama sai su cika da shi, ƙona shi da suke yi don samun kuzari kuma ya bar guba mai raunata su. Daga nan ƙwayar ta daina hayayyafa. Ba ta mutu ba, aikin kirki kuma ya gagare ta, sai dai ta yi ta zubar da sinadaran kumburi a kan maƙwabtanta. Ƙananan jijiyoyi na ido da ƙoda da ƙafa su ne ke shan wuya sosai.

Ga abin da nake so ka riƙe. Tsakanin 1983 da 1993 an yi wani bincike a Amurka da Kanada mai suna DCCT, a kan mutum 1,441 masu nau'in ciwon suga na ɗaya, wanda jiki ba ya iya samar da sinadarin insulin, aka raba su kashi biyu. Waɗanda aka tsananta wa kula da suga, haɗarin kamuwa da lalurar ido ya ragu musu da kashi 76 cikin 100 idan aka kwatanta da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Bayan an gama, sugan ɓangarorin biyu ya dawo kusan ɗaya, amma shekaru da yawa waɗanda aka kula da su da wuri suka ci gaba da cin moriya. Wato jijiya ba ta manta abin da aka yi mata, shi ya sa "sai na ji jiki zan je asibiti" ke da tsada.

Saboda haka ka riƙa yin gwajin HbA1c, mai nuna sugan wata uku. Ga yawancin manya ana so sakamakon ya sauka ƙasa da kashi 7 cikin 100. Ka lura da hawan jini, ka yi tafiya mai ɗan sauri minti 150 a mako, a duba maka ido duk shekara. In kana shan taba, yau ya kamata ku rabu.

Sai wata baiwar Allah daga Funtuwa, ta ce ta ga tallar wani magani a WhatsApp wai yana wanke tsofaffin ƙwayoyin halitta daga jiki. Hajiya, riƙe kuɗinki. Gaskiya ne ana bincike a kan irin wannan magani: a 2019 asibitin Mayo na Amurka ya gwada haɗin maganin dasatinib da quercetin, wani sinadari da ake samu a tsirrai, a kan masu ciwon ƙoda na suga, amma mutum 9 kacal, kuma dasatinib maganin kansar jini ne mai illoli. Ki ci gaba da shan maganin suganki na metformin ko abin da likita ya rubuta miki, ki kuma nuna masa tallar idan kin koma ganinsa.