Daimon da Fitilar Kanti: Dalilin da Ya Sa Ƙyallinsa Ke Canzawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa, barkanmu da yamma.

Don Allah a ɗan kashe mini fitilun gaban nan. Yauwa, na gode. Ga zobe a hannuna mai ƙwayar daimon guda, wanda wasu ke kira lu'ulu'u. Na sahun gaba, me kuke gani? Babu komai. To bari in kunna tocilar waya. Kun ga tartsatsin? Ja, kore, shuɗi, duk suna tsalle a cikinsa. Dutsen nan bai canza ba tsakanin ɗazu da yanzu. Hasken da aka ba shi ne yake maido wa ido, kuma irin wanda aka ba shi, irinsa zai maido.

Ga yadda abin yake. Haske a sarari yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Da ya shiga daimon sai gudunsa ya ragu zuwa kimanin 124,000. Wannan raguwar ce ke lanƙwasa shi, kamar yadda ludayi ke zama tamkar ya karye idan aka tsoma shi cikin ruwa. Bayan ya shiga kuma, fita ba sauƙi. Idan ya bugi bangon dutsen daga ciki a karkace fiye da digiri 24, ba ya wucewa, sai ya dawo kamar ya bugi madubi. A gilashin yau da kullum sai karkatar ta haura digiri 41 kafin hakan ta faru, shi ya sa gilashi ke zubar da haskensa ta ƙasa.

A shekarar 1919 wani matashi ɗan birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam, Marcel Tolkowsky, ya fitar da lissafin kusurwoyin da za a yanka daimon mai da'ira a kai, don hasken da ya shiga ta sama ya zagayo ya sake fitowa ta sama. Irin wannan yanka yana da fuskoki 57 ko 58. Ku ɗauka ƙananan madubai ne, kowanne yana kallon wani sashe na ɗakin da kuke ciki.

Yanzu mu tafi kasuwar gwal ta Deira a Dubai, inda da yawanku ke zuwa sayen kayan lefe. Idan kun shiga kanti, ku ɗaga kai ku dubi rufin. Ƙananan fitilu ne masu ƙarfi, birjik, kowacce ta nufo akwatin gilashin. Da hikima aka jera su haka. Farin haske haɗin launuka ne, kuma daimon yana lanƙwasa shuɗi fiye da yadda yake lanƙwasa ja, sai su rabu kamar bakan gizo. Idan fitilar ƙarama ce kamar ɗigo, launukan nan suna isowa ido a rarrabe, ka ga ja, ka motsa hannu kaɗan ka ga kore. Idan kuwa hasken mai faɗi ne, launukan sai su hau kan juna su koma fari. Saboda haka a ƙarƙashin fitilun kanti kusan kowane dutse yana rawa, har wanda aka yanka ba daidai ba. Ni ban ce mai kanti ya yi ha'inci ba, kowa yana gyara hajarsa. Amma ke ba a kantin za ki sa zoben ba.

Ki roƙi a bar ki ki kai shi bakin ƙofa ko kusa da taga. Haske mai laushi, irin na ranar hadari ko ranar hazo, shi ke tona asirin yanka. Launuka za su lafa. Dutsen da aka yanka da kyau zai yi fari tas daga tsakiya har gefe, wanda aka yi wa zurfi da yawa kuwa tsakiyarsa za ta yi duhu kamar kan ƙusa.

Tsakar rana ita ce ke tayar wa mutane hankali. Mutum ya fito da sabon zobe, ya ga dutsen ya yi duhu sai ɗan walƙiya jifa-jifa, ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Rana fitila ɗaya ce tak, fuskoki kaɗan ne ke kama ta a lokaci guda, kuma ido yana tsukewa saboda ƙarfin walƙiyar, sai sauran dutsen ya zama kamar baƙi. Ku koma ƙarƙashin darbejiya. Ganyen zai kekketa ranar ta zama ɗigo-ɗigo, kuma ni dai ban taɓa ganin inda daimon ke kyau kamar nan ba. Ku lura da tufafinku ma: idan kika sunkuya a kansa da baƙar abaya, baƙin zai bayyana a ciki, in jan mayafi ne sai ki ga ja-ja.

Sai launin dutsen kansa. Cibiyar GIA ta Amurka, mai nazarin duwatsu masu daraja, tana auna shi daga harafin D, wanda ba shi da launi, zuwa Z mai ɗorawa-ɗorawa, kuma sinadarin naitirojin ne ke kawo wannan ɗorawar. Ƙwan lantarki mai haske ja-ja yana ɓoye bambancin. Shi ya sa masu tantancewa ke kife dutsen a kan farar takarda, ƙarƙashin fitila mai kwaikwayon hasken rana. Dillalan Antwerp na da can kusa da tagogi masu fuskantar arewa suke zama, don hasken arewa bai cika sauyawa ba.

Akwai kuma hasken da ido ba ya gani, irin na fitilar duba jabun kuɗi. GIA ta ce kashi 25 zuwa 35 cikin ɗari na daimon suna yin sheƙi a ƙarƙashinsa, galibi shuɗi. Rana tana ɗauke da irin wannan haske, don haka dutse mai ɗan ɗorawa kan ƙara fari a waje. Shahararren shuɗin daimon ɗin nan mai suna Hope, mai nauyin karat 45.52, da ke gidan tarihi na Smithsonian a Washinton, idan aka haska shi da irin wannan fitila mai ƙarfi aka kashe, sai ya ci gaba da yin ja kamar garwashi na ɗan lokaci.

Na ga hannun Hajiya. Na'am? Tana tambaya me ya sa nata ya dusashe a kowane irin haske bayan wata uku. Hajiya, ranki ya daɗe, maiƙo ne. Daimon yana kama mai sosai, har a ma'adinan Afirka ta Kudu da tebur mai shafe da maiƙo aka riƙa ware shi daga tsakuwa. Man shafawa kan taru a bayan dutsen, madubin nan na ciki ya daina aiki. Ki jiƙa shi a ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke, ki goge bayansa da buroshi mai laushi, ki ɗauraye a cikin kwano don kada ya faɗa rariya.

A kunna fitilun, sai zoben ya zagaya sahu-sahu. Wanda ke kusa da taga ya fara.