Hiroshima da Nagasaki: Wai Don a Ceci Rayuka

Jama'a masu sauraro, duk watan Agusta sai an sake kaɗa mana tsohuwar gangar nan, wai bam ɗin nukiliya da Amurka ta jefa wa Japan a 1945 ceton rayuka ya yi. Ceton rayuka fa!

Da ƙarfe 8:15 na safiyar 6 ga Agusta, jirgin Enola Gay ya saki bam guda a kan Hiroshima. Kafin shekarar ta fita, mutum kusan 140,000 sun mutu, akasarinsu fararen hula, har da dubban 'yan makaranta da aka fitar aikin rushe gidaje don kada gobara ta yaɗu. Kwana uku tsakani aka maimaita a Nagasaki, wajen mutum 70,000 suka tafi.

Masu kare wannan aika-aika suna cewa da sojoji sun sauka a Japan, da Amurka ta yi asarar sojoji kusan miliyan guda. Wa ya yayata wannan lissafi? Henry Stimson, sakataren yaƙin da ke cikin waɗanda suka shirya jefa bam ɗin, a wata mujalla a 1947, bayan an fara tsangwamarsu. Mai laifi ne ya zama alƙalin kansa.

Ban ce Japan mai gaskiya ce ba. Sojojinta sun yi ta'asa a birnin Nanjing na ƙasar Sin, kuma kakanninmu da Turawan mulkin mallaka suka kwasa zuwa yaƙin Bama da su suka gwabza. Amma yaran Hiroshima ba su suka kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor ba. Matan da ke girki a Nagasaki ba su suka ƙi ajiye makamai ba.

Kuma manyan sojojin Amurka kansu ba su gamsu ba. Admiral William Leahy, babban hafsan Truman, shugaban Amurka na lokacin, ya rubuta cewa bam ɗin bai taimaka da wani abin a-zo-a-gani ba, don Japan ta riga ta sha kaye. Janar Eisenhower ya ce ya nuna wa Stimson rashin amincewarsa. Binciken da gwamnatin Amurka ta yi a 1946 ya nuna Japan za ta miƙa wuya kafin ƙarshen 1945 ko da ba bam. Tarayyar Sobiyet ma ta shelanta yaƙi a kan Japan ranar 8 ga Agusta, washegari ta afka Manchuria, yankin ƙasar Sin da ke hannun Japan. Shin bam ne ya karya lagon Tokyo ko shigowar Sobiyet? Masana tarihi na ja-in-ja har yau, ni ma ba zan rantse ba. To, a kan abin da ba a tabbatar ba ake ƙone birni biyu?

Wani abin haushin: babban sharaɗin Japan shi ne a bar musu sarkinsu Hirohito. Sanarwar Potsdam, wadda a cikinta Amurka da ƙawayenta suka nemi Japan ta miƙa wuya, ta yi shiru a kai. Bayan an binne mutane, sai aka bar shi kan karaga har ya rasu a 1989.

Yau ƙasashe tara ke riƙe da wannan makami. Gobe idan Rasha ta jefa ɗaya a Yukren, ta ce ta gajarta yaƙi ne don ceton rayuka, waɗannan masu kare Truman za su karɓi hujjar? Wallahi ba za su karɓa ba.