Darasi: Yadda Ake Auna Durowar Madubi ta Banɗaki

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau za mu shiga banɗaki da tef a hannu, domin durowar nan mai madubi da ake kafawa saman kwamin wanke hannu, yawanci sai an sayo ta ake tunanin awo.

To, ku fara daga ƙasa. Ku auna faɗin durowar da kwamin yake zaune a kai, daga wannan baki zuwa wancan. Wadda nake gabanta inci 24 ce, kusan santimita 60 ke nan. Ta sama kada ta fi ta ƙasa faɗi. Ku rage inci 1 ko 2 a kowane gefe, sai ta dawo inci 20 zuwa 22. Idan ta ƙasa 36 ce, ku nemi 32 zuwa 34. Tsakiyar madubin kuma ta yi daidai da bakin famfo, ko da kwamin bai zauna a tsakiyar bangon ba.

Sai tsayi, kuma nan ne nake so ku natsu. Ku ɗora tef a kan famfon kansa, ba a kan kwamin ba, ku bar kamar inci 5 ko 6 kafin gindin durowar. Dubi wannan famfon mai dogon wuya: in aka matso da durowar ƙasa, ƙofar za ta riƙa gogar sa, hannu ma ba zai samu sararin murɗawa ba. Tsakiyar madubi ta kai wajen ƙafa 5 daga daɓe, amma ni na fi so a kira maigida da uwargida su tsaya a gaban bangon, a sa alama da fensir inda kowa zai ga fuskarsa.

Zurfinta kada ya wuce inci 4 ko 5. Mutum yana sunkuyawa ya wanke fuska, in ta turo da yawa goshi ne zai sha. Masu son a binne ta cikin bango, ku tambayi birkila tukuna. Bulo inci 6 ba ya jure irin wannan sara, kuma sau da yawa bututun ruwa ko wayar lantarki na bi ta nan.

Malam kafinta, don Allah ban da katakon MDF a nan, wato wanda ake yi da garin katako da aka matse da gam, ruwa na taɓa shi yake kumbura. A nemi alminiyam ko roba.

Abu na ƙarshe: ku zuba buroshi, man goge baki da reza a ciki. Magani kuwa, mafi yawa an rubuta a kwalinsa a ajiye shi ƙasa da digiri 30 a busasshen wuri, banɗakinmu kuma ga tururi ga zafin bazara. Ku kai shi ɗaki, can sama inda yara ba za su kai ba.