Ka Sa wa Takardarka Tambari, Sun Cire Shi da Dannawa Biyu: Ga Inda Matsalar Take

Assalamu alaikum jama'a. Kwanan nan ƙorafi iri ɗaya ke ta yawo: mutum ya sa wa satifiket ɗinsa ko takardar filinsa watamak, wato tambarin nan mai dushi-dushi da ake sawa a jikin shafi, kafin ya tura wa dillali ta WhatsApp, bayan kwana biyu sai ga kwafin takardar fes a hannun wani, babu ko ɗigon alama. Wasu har sun yanke hukunci cewa abin duk ɓata lokaci ne. Ba haka ba ne. Mataki ɗaya ake tsallakewa, kuma a kansa za mu daɗe.

[A allo: hannu ya ɗaga takardar naira dubu zuwa hasken taga]

Ku fara kallon wannan. Kun ga hoton da ya bayyana a gefen da babu rubutu? Ba buga shi aka yi a sama ba, a cikin jikin takardar yake, tun lokacin da ake yin ta. Masu yin takarda na garin Fabriyano a Italiya ne suka fara wannan dabara a ƙarni na 13. Kuma in kun taɓa ɗaga shafin tsohon Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasar Hausa zuwa haske, ba mamaki ku ga jinjirin wata guda uku a jere, alamar masana'antun Italiya da takardunsu ke ratso Sahara. Ku riƙe abu ɗaya: alamar da takardar jiki ɗaya ne.

To, sa alamar kanta ba wuya. A Word, ka shiga Design, ka danna Watermark, ka zaɓi Custom Watermark, ka rubuta abin da kake so. A Google Docs yana ƙarƙashin Insert. A waya kuwa, Canva ko kowace manhajar gyaran hoto da ke karɓar rubutu za ta yi. Minti ɗaya an gama.

Yanzu ku kalli abin da mai karɓa zai yi.

[A allo: takardar Word, ana danna Remove Watermark, alamar ta ɓace]

Shi ke nan. Dannawa biyu. Maɓallin cirewar yana nan kusa da na sakawa, Microsoft da kansu suka ajiye shi. Dalili shi ne Word ba ya haɗa tambarin da rubutunka. Yana ajiye shi ne daban a sashen kan shafi, a bayan rubutu. In ka danna saman shafin sau biyu, za ka iya kama tambarin, ka ja shi gefe, ka goge.

Nan wani zai ce, ai ni PDF nake mayarwa kafin in tura. Madalla, ka rage wa ɓarawo sauƙi, amma ba ka hana shi ba. PDF ma hawa-hawa ne: hoton takardar yana hawansa, rubutu yana nasa, tambari yana nasa. Manhajar gyaran PDF za ta iya taɓa tambarin shi kaɗai ta ɗauke shi, ta bar abin da ke ƙasa garau. Ga shi nan, kun gani, ko tabo bai bari ba. Shi kuma kalmar sirrin da ake sawa wai don hana gyara ko bugawa, gaskiya ban ɗauke ta da wani nauyi ba, domin manhajoji da yawa ba sa ma kula ta.

Matakin da ake tsallakewa shi ne narkar da hawan nan duka su koma hoto ɗaya. Kamar rini ne a marinar Ƙofar Mata: in shuɗi ya shiga zare, ba ka cire shi sai ka ɓata yadin. Idan aka narkar, babu sauran wani abu mai suna tambari a cikin fayil ɗin. Ɗigogin launi ne kawai, kuma ɗigon da ke ɗauke da harafin sunanka shi ne ke ɗauke da ɓangaren tambarin.

Yadda ake yi: bayan ka sa tambarin, ka fitar da kowane shafi a matsayin hoto, JPG ko PNG, sannan in ana buƙatar PDF ka mayar da hotunan PDF. A Adobe Acrobat, cikin tagar bugawa, ƙarƙashin Advanced, akwai Print As Image. A waya, hanya mafi sauri ita ce ka buɗe shafin ya cika allo ka ɗauki hoton allon. Ɗigo 150 a kowane inci ya isa karatu a waya da kwamfuta. Sai in za a buga a takarda ne ake neman 300, kuma ni ban ga dalilin ba dillali kwafin da ya kai ingancin bugawa ba.

Kada ka tura sai ka gwada. Buɗe sabon fayil ɗin a manhajar gyara, ka yi ƙoƙarin kama tambarin ka matsar. In shafin gaba ɗaya ya biyo shi, aiki ya yi. Kada ka dogara da gwajin nan na danna rubutu ka ga ko zai yi shuɗi, domin wayoyin yanzu suna karanta rubutu ko a cikin hoto ne.

Akwai wani tarko a Word da ke kama masu takardun da aka ɗauka a sikana. Ka saka hoton satifiket ya cika shafi, ka sa tambari, sai ka ga babu komai. Yana nan, amma a bayan hoton ya ɓuya. Maganinsa ka yi amfani da akwatin rubutu, ka kawo shi gaban hoton, ka rage masa kauri, sannan ka narkar.

[A allo: takarda ɗaya, tambari a wurare uku daban-daban]

Sai wurin sawa. Na kusurwa, yanke shi ake yi cikin daƙiƙa biyu. Wanda ya zauna a farin fili kuma, manhajojin goge abu daga hoto irin su Magic Eraser suna share shi tas, tunda fari kawai za su cike. Ka gicciye shi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya ratsa suna, ya ratsa hoton fuska, ya ratsa sa hannu da hatimi, ka kuma maimaita shi sau uku ko huɗu. Mai gogewa zai iya gwadawa, amma sai ya ɓata haruffan da yake nema. Kaurin launi tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari yakan yi daidai. In ya yi ƙasa da haka, ƙara hasken hoto kaɗai zai ɓatar da shi. In ya wuce, ma'aikacin da ka tura wa zai dawo maka da ita ya ce ba ta karantuwa. 

Me za a rubuta? Don Allah a daina rubuta kalma ɗaya tilo kamar “Sirri” ko “Kwafi”. A sa wanda aka ba, da dalili, da rana: “An ba wane don neman bizar Umara kawai, 12/3/2025.” Wanda ya kai wannan wajen masu ba da bashi ta manhaja, takardar da kanta za ta tona shi. In mutum biyar za ka tura wa, ka yi kwafi biyar, kowa da sunansa. Ranar da ɗaya ta fita, ka san ƙofar da ta bi. Af, rubutun nan na CamScanner, manhajar ɗaukar takardu da waya, da ke ƙasan shafi tallar kamfaninsu ne, ba ya nuna takardar taka ce.

Abin da tambari ba ya yi shi ne ɓoye bayani. Lambar NIN mai lamba 11 tana nan a fili, mai biro zai kwafe ta. In ba a buƙatarta, ka rufe ta da baƙin akwati, kuma akwatin ma hawa ne kamar tambari, sai an narkar da shi, in ba haka ba a ɗaga shi a karanta abin da ke ƙasa. Ka tura a matsayin fayil, domin WhatsApp na matse hotuna har ƙananan rubutu su dushe. Asalin kwafin mara tambari kuma ya zauna a wata jaka daban mai suna daban, don kada gaggawa ta sa ka tura shi a madadin wancan.