Darasi: Bin tsohuwar taswira kafin a kunna na'urar neman ƙarfe

Mai na'ura: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Maradi. Darasin yau kan tsohuwar taswira ne, da yadda mai na'urar neman ƙarfe zai bi ta ya gano kufai, ko tsohuwar kasuwa, ko zangon fatake. Ina tare da Malam, wanda awon ƙasa ne sana'arsa. Malam, wace taswira mutum zai fara nema?

Mai awo: To ɗana, na ƙasarmu iri uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai na matafiya, irin wadda aka zana daga tafiyar Barth, Bajamushen da ya ratsa Tasawa da Gazawa a farkon 1851. Wannan layin hanya ce kawai da sunayen garuruwa. Za ta gaya maka gari kaza yana nan a wancan zamani, amma kada ka auna komai a kanta. Sai na ayarin Tilho, hafsan sojan Faransa, waɗanda suka yi aiki daga 1906 zuwa 1909 lokacin shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila, daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Su sun auna wasu manyan garuruwa da taurari, ƙauyukan da ke tsakani kuwa da lissafin tafiya da tambayar mutane aka sa su. Ta uku ita ce ta aiki: taswirar hukumar IGN ta Faransa mai ma'aunin 1/200,000, wadda aka zana daga hotunan jirgin sama a shekarun 1950 da 1960. Kowace takarda digiri ɗaya ce tsawo da faɗi. Ta Maradi ta kama daga digiri 13 zuwa 14 arewa, da 7 zuwa 8 gabas, don haka Tsibiri da Madarumfa suna ciki, Gidan Rumji kuwa ya faɗa takardar yamma. A hukumar taswira ta ƙasa, IGNN, a Yamai ake tambayarsu.

Mai na'ura: Ni zan ƙara da hotunan Corona, na tauraron leƙen asirin Amurka da ya yi aiki daga 1960 zuwa 1972. An buɗe su ga kowa a 1995, ana neman su a shafin EarthExplorer. Baƙi da fari ne, amma inda hoton ya fita da kyau ana ganin gungun itatuwa da sawun hanyoyin ƙafa. Malam, ku fayyace mana ma'aunin nan, don nan ne samari suke faɗuwa.

Mai awo: A 1/200,000, santimita ɗaya a takarda kilomita biyu ne a ƙasa. Milimita ɗaya, mita 200. Yanzu dubi ɗigon da aka yi wa ƙauye, kaurinsa kusan milimita ɗaya. Kenan ɗigon nan shi kaɗai ya rufe fili mita 200 tsawo, 200 faɗi, hekta huɗu. Kai kuma filinka na aiki nawa ne?

Mai na'ura: Mita 20 da mita 20 muke yankewa da igiya. Layi 13 ko 14, kowane faɗin mita ɗaya da rabi. In ana tafiya yadda ya kamata, rabin awa ke nan ba tare da an tona komai ba.

Mai awo: To hekta ɗaya ta ƙunshi irin wannan fili 25, hekta huɗu 100. Wannan in mai zanen bai kuskure ba ke nan. In ya kuskure da mita 500, da'irar da za ka bincika ta haura hekta 78. Shi ya sa wanda ya cire lambar wuri, wato digiri da minti, daga taswira, ya zuba a salula, ya je ya tsaya a kan lambar ya kunna na'ura, rana kawai zai sha. Taswira unguwa take kai ka. Gidan kuwa sai ka tambayi ƙasa da dattawa.

Kuma tun kafin nan akwai tarko biyu a gefen takardar. Na farko, tsofaffin taswirorin Faransawa na farkon ƙarni na 20 da yawa daga layin Paris suke ƙirga gabas da yamma, ba daga Girinwic ba. Bambancin digiri 2 da minti 20 ne da ɗan ɗoriya. Maradi tana kan digiri 7 da minti 6 gabas. In ka gan ta a wajen digiri 4 da minti 46, lissafin Paris ne. Wanda bai ƙara ba zai sami kansa kilomita 250 yamma da inda yake nufi. Na biyu, siffar duniya da aka yi lissafi da ita. Tsofaffin takardun suna kan Clarke 1880, salularka tana kan WGS 84. Lamba ɗaya a tsarin biyu tana iya sauka wuri biyu da tazarar mita 100 ko fiye.

Mai na'ura: To yaya ake gyarawa?

Mai awo: Ana ɗora tsohuwar a kan hoton tauraron ɗan adam na yau. A sa takardar a injin sikan, ɗigo 300 ko 400 a inci. In salula kawai gare ka, shimfiɗa takardar a kan tebur, danne kusurwoyinta, ɗauka daga sama tsaye. In ka karkata hannu, gefe ɗaya zai miƙe, ɗaya ya tsuke. Sannan a buɗe ta a kwamfuta cikin manhajar taswira ta QGIS, kyauta ce, a zaɓi tsarin UTM mai ƙirga wuri da mita, yanki na 32 arewa, shi ne namu. Sai a nemi wurare shida zuwa takwas da ake gani a tsohuwar kuma ake gani a hoton yau, a ɗaure su. A warwatsa su kusurwa huɗu da tsakiya. In ka tara su duka kusa da birni, birnin zai zauna daidai, karkara ta zame.

Abin lura shi ne me za ka ɗaure da shi. Kada ka yarda da Gulbi. Gulbin Maradi yana cin gaɓa ɗaya ya cike ɗaya, lanƙwasar da aka zana shekara sittin da suka wuce ba ita ce ta yau ba. Bakin tafkin Madarumfa ma haka, ya danganta da watan da jirgi ya ɗauki hoton. Kwalta ita ma an miƙe ta a wurare da yawa, ta bar tsohuwar hanya a gefe. Nemi tudun marmara, tsohuwar mararraba, tsohon masallacin Juma'a, rijiyar siminti da aka san shekarunta. Bayan ka gama, gwada da wani wuri da ba ka yi amfani da shi ba. In ya sauka cikin mita 200 zuwa 300, a wannan ma'auni ka yi ƙoƙari. Sai a fitar da ita a zuba a salula cikin QField ko Avenza Maps, tana nuna maka inda kake tsaye ko babu rezo.

Mai na'ura: Akwai abin da kuke yawan faɗa, cewa gari yana tashi da sunansa.

Mai awo: Wannan shi ne zuciyar darasin. Rijiya ta ƙafe, ko annoba ta shiga, ko ruwa ya ci gari, mutane su matsa kilomita ɗaya ko uku su kafa sabo, suna bai canza ba. Maradi kanta misali ce: tsohon garin yana cikin fadama, ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka hau tudu. To duk inda ka ga suna ɗaya amma ɗigon tsohuwar taswira ya kauce wa garin yau da fiye da kuskuren da ka auna, alhali maƙwabtansa sun zauna daidai, sa masa alama. In duk ƙauyukan yankin suka kauce gefe guda da tazara guda, ɗaurinka ne ya zame, ba su suka tashi ba. Ka kuma lura da hanyoyin ƙafa uku ko huɗu da suka haɗu a fili babu gida. Hanya ba ta taruwa banza; ko rijiya, ko kasuwa, ko gari. Sai rubutun Faransawa: Guidan shi ne Gidan, Tessaoua Tasawa, Djirataoua Jiratawa. Karanta da baki, za ka ji sunan.

Daga nan sai zaure. Ka gaida maigari, ka tambayi tsofaffi sunayen gonaki. Gonar da ake kira Kufai, ko Maƙera, ko Marina, ko Zango, ta riga ta ba ka amsa. Kuma su ne za su nuna maka tsohuwar maƙabarta don ka kauce mata.

Mai na'ura: Nan ya kamata a faɗi doka, Malam.

Mai awo: Ƙwarai. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ita ke kare kayan tarihi a Nijar. Tonon neman kayan tarihi sai da izinin hukuma, kuma wanda ya ci karo da su wajibi ne ya sanar. Yardar mai gona dole ce, amma ba ta maye gurbin wannan. Ba a banza aka tsaurara ba: wuraren Bura a yammacin ƙasar nan, da aka gano a 1975, masu tono don sayarwa sun yi musu kaca-kaca. Ganuwa, maƙabarta, kufan sarakuna, duk ba wurin na'ura ba ne. In taswira ta kai ka irinsu, rubuta lambar ka kai wa masana na IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'ar Yamai. Kuma kudancin jihar nan, wajen iyaka, kowa ya san halin tsaro. Baƙo da na'ura a kafaɗa yana zagaya daji, ka sanar da hukumar gari da jandarma kafin ka fita.

Mai na'ura: To an samu izini, an isa. Na'ura tana cikin jaka tukuna, ido ke aiki. Nemi kukoki da suka taru wuri ɗaya, da tsamiya, da durumi ko ceɗiya, itatuwan da mutum ke rayawa a gari. Nemi ƙasa mai ruwan toka a tsakiyar jan rairayi, ɗan tudu da ya taɓa zama juji, lotsawar tsohuwar rijiya. Kada ka taka tsakiyar lotsawar nan, tana iya ruftawa. Sai tsingaro. Amma a nan kusa da birni akwai ruɗi, don manoma suna kwaso juji daga gari a amalanke su zuba a gona a matsayin taki. Tsingaron taki yana sama-sama, a warwatse, gauraye da leda da mataccen batir da guntun silifa. Na kufai kuwa yana da yawa wuri guda, bakinsa ya dakushe, in ka duba inda ruwa ya yanke ƙasa za ka gan shi a jere cikin toka.

Irin ƙasar ma tana yanke hukunci. Na'ura ta talaka tana jin sulalla zuwa zurfin santimita 20 ko 25. A fadama, kowace ambaliya tana ƙara laka, abin da ya faɗi shekara ɗari ya wuce nan. A jigawa iska tana kwashe rairayi, kaya su taso sama, nan ne aiki ke kyau. Lokaci kuwa bayan girbi, Oktoba zuwa Nuwamba, an kwashe hatsi, ƙasa da sauran laima. Ruwan farko ma yana ƙara ji, sai dai ranar shuka ce, ba mai barin ka cikin gonarsa.

Kafin ka fara, daidaita na'urar da ƙasa. Nemi wuri mai tsabta, ɗaga faifan na'urar kamar santimita 30, sauke shi zuwa 3, kana maimaitawa har ƙarar ta daina canzawa. In ka tashi daga jigawa ka shiga geza ko tsakuwar marmara, sake yi, don marmara tana da ƙarfe a jikinta, za ta sa na'ura surutu. In surutun bai daina ba, rage ƙarfin ji. Salula a aljihun baya, takalmi mara ƙarfe, kuma a nisanci manyan turakun lantarki. Faifan ya tafi daidai da ƙasa, kada ya tashi a ƙarshen lilo, kowane lilo ya rufe rabin na baya.

Mai awo: Maganar tace baƙin ƙarfe fa, wato a saita na'ura ta yi shiru a kansa?

Mai na'ura: Kada a tace a filin farko. Ƙusa, guntun hauya, kan kibiya, su ke nuna iyakar gari: inda ƙara ta yi yawa kana ciki, inda ta ɗauke ka fita. Kashin maƙera kuma, baƙi mai nauyi mai huji-huji, ƙararsa faɗi gare ta ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ka san an yi narkar tama a nan. Sulalla ƙararsa gajera ce, iri ɗaya ko ta ina ka biyo.

Sulallan su ke ba da shekaru, amma da hankali. Anini da kobo masu huda na Ingilishi sun fara daga 1907, suna tsallako iyaka da ƴan kasuwa. Na alminiyom na Afirka ta Yamma ta Faransa, faran ɗaya da biyu, akwai na 1948. Azurfar Mariya Tareza kuwa kusan duk 1780 aka rubuta mata, ko da an buga ta bayan shekara ɗari, kada ta ruɗe ka. Kuma tsohuwar kasuwa tana iya ba ka komai banda sulalla, domin kuɗin wuri ake kashewa a lokacin, na'ura ba ta jin wuri.

Mai awo: Duk abin da ya fito, ɗauki hotonsa a inda yake, rubuta lambar wurin da zurfinsa, sa shi a leda tasa shi kaɗai da takarda. Tsaya minti ɗaya salula ta natsu kafin ka rubuta lamba, kuskurenta yakan sauko zuwa mita biyar. Kada a goge tagulla da lemun tsami ko toka, koren da ke bisanta shi ke riƙe da rubutun. Ruwa da burushi mai laushi sun isa. In harsashi ne wanda bai tashi ba, bar shi nan ka kira jandarma. In ƙashi ko tukunya sukutum ta bayyana, aiki ya tsaya, a rufe, a sanar.

Mai na'ura: Ramin kuma a mayar da ƙasarsa a take ta da ƙafa, saman ƙasa a sama, don sa ko jaki na iya karyewa a ciki. Malam, mun gode. Jama'a, a darasi na gaba za mu zauna gaban kwamfuta mu ɗaure takardar Maradi wuri bayan wuri. Sai an jima.