Yadda Za Ka Yi Magana a Taron Gari Har a Saurare Ka

Assalamu alaikum jama'a. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dagaci, shugaban ƙaramar hukuma ya turo wakili, sai kawai aka ce kai za ka yi magana a madadin ƙungiyar manoma. Gabanka ya faɗi, bakinka ya bushe, gwiwa ta kama rawa.

Ba jifa aka yi maka ba. Jiki ne ya saki wani sinadari mai suna adirenalin, shi ke sa zuciya bugawa da sauri, yawu ya ɗauke. Kafin ka miƙe, ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali, fitar ta fi shigar tsawo, kamar sau huɗu. Ka kurɓi ruwa in akwai.

Amma a ganina ba tsoro ne ke kashe yawancin jawabai a garuruwanmu ba. Doguwar shimfiɗa ce. An ba mutum minti 5, ya cinye 4 a gaisuwa da kirari, yana kamo bakin zaren sai mai gabatarwa ya matso yana nuna agogo. Gaisuwa dole ce, ba mai tsallake ta ya zauna lafiya. Ka yi sallama, ka ce ranka ya daɗe ga hakimi in yana nan, sai dagaci da masu unguwanni, Allah gafarta malam ga liman, sauran ka haɗa su a iyayenmu maza da mata. Rabin minti ya isa.

Daga nan sai buƙata, kuma guda ɗaya. Saurari bambancin. Wani zai ce: muna cikin matsala, ba ruwa, ba hanya, ba taki, a taimaka mana. Wakili zai gyaɗa kai, ya tafi bai riƙe komai ba. Wani kuwa zai ce: rijiyar burtsatsen bayan firamare ta lalace wata 3 ke nan, yara na tafiya ɗibar ruwa kafin su shiga aji, mun tara kuɗin mai gyara, famfo muke roƙo. Wannan ita ake rubutawa a takarda, don an ji wuri, an ji lokaci, an ga kun motsa.

Haka Malam Aminu Kano ya riƙa yi tun zamanin jam'iyyar siyasa ta NEPU, wadda aka kafa a 1950. In ya shiga ƙauye, zancen haraji da jangali yake yi, abin da ke cin talaka a ranar, da Hausar da kowa zai gane. Shi kuma Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, da ya rasu a 2017, ku nemi jawabansa a YouTube. Ku lura da yadda yake ɗaga murya ya sauke, da yadda yake dakatawa kafin muhimmiyar magana. Masu koyo suna gudun shiru, sai su cike gurbin da wato, da ka gane, da to to to.

Kada ka hura makirufo ko ka buga shi. Bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da bakinka. In janareto ya mutu, kada ka tsaya jira, dubi mutumin da ke can ƙarshen taro ka yi magana don ya ji. In kunyar ido da ido da manya kake ji, dubi hulunansu.

'Yan uwa mata, a taron iyaye da malamai ko na ƙungiyar adashe, duk wannan ya shafe ku.

A daren jajibirin taron, ɗauki muryarka a waya ka saurara. Ba za ka ji daɗinta ba, kusan kowa haka yake ji. Ƙirga wato nawa ka yi, ka sake. Sannan ka rubuta buƙatar a takarda, shugaba da sakataren ƙungiya su sa hannu, kana gama magana ka miƙa wa wakilin a gaban dagaci kafin ka zauna.